Gyaran Gida: Wane kayan aiki zan fara saye?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Mun koma sabon gida a Mabera, maigidana kuma matafiyi ne. Rataya labule ko ɗaure hannun ƙofa sai na yi mako ina jiran kafinta, in ya zo kuɗin aikin ya fi na ƙusar. Ina son in riƙa yin ƙananan gyare-gyare da kaina, har da fentin ɗakin yara. Me zan saya?
Daga wata mai karatu, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kada ki sayi akwatin nan mai kaya barkatai da ake tallarsa a Facebook. Rabin abin da ke ciki ba za ki taɓa shi ba, sauran kuma ƙarfen banza ne. Ki shiga babbar kasuwa wajen masu kayan gini ki tsinta ɗaya-ɗaya, kina ɗagawa kina jin nauyinsu a hannu.

Fara da guduma mai baki biyu, wadda bayanta ke zare ƙusa. Amma ki duba ƙotar. Iskar garin nan busasshiya ce, daga hunturu har bazara itace tsukewa yake yi, sai kan guduma ya fara girgiɗi, wata rana ya fice ya sami ƙafar yaro. Masu jiƙa ta a ruwa, gyaran nasu ba ya daɗewa. Ki nemi mai ƙotar ƙarfe da aka lulluɓe da roba, kin huta. Sai sukundireba biyu, mai faɗin baki da mai tauraro, da filaya, da tef ɗin awo mai mita 5, da sifana mai buɗe baki da tsukewa saboda famfo. Ki haɗa da farin tef ɗin da ake naɗawa a zaren famfo, shi ke tsayar da ɗiga. Lebul ma, ma'aunin nan mai ruwa da 'yar kumfar iska a tsaka, ƙarami ya isa; ido yana ruɗi, sai an rataya sandar labule a ga ta karkace.

Inda mutane ke shan wahala bango ne. Gidajen Mabera galibi bulo ne mai inci 6 ko 9, cikinsa rami, an shafe shi da filasta. Ƙusar katako ba ta shiga, lanƙwashewa take yi. Ƙusar kankare tana riƙe agogo ko kalanda, amma in kika ɗora mata nauyi sai ta ɓaro filasta ta faɗo. Madubi, kanta da sandar labule sai an huda bango an cusa fisha, ɗan robar nan, sannan a ɗaure sukuru a ciki. Bakin injin huda bango ya zama daidai da fishar: mai milimita 8 da mai 8. Injin hujin kuwa ban ce ki saya yanzu ba. Ki auna, ki sa alama da fensir duk inda kike so, ki ari na maƙwabta ko ki kira mai shi ya huda su gaba ɗaya rana guda. Maratayan nan masu gam a baya ki bar su. In zafin Afrilu ya haura digiri 40 gam ɗin saki yake yi.

Kada ki buga komai a saman soket ko makunni ko ƙarƙashinsu, nan waya ke bi a cikin bango. Ki ajiye testa, abin gwada ko akwai wuta, da baƙin salatif, amma aikinki da wuta ya tsaya a canza ƙwan fitila. "Ai an ɗauke" ba kariya ba ce, ana maido ta babu sallama, ga kuma gidajen da ke da sola.

Fenti yana buƙatar rola da farantinta, burushi mai inci 2 na kusurwa, samfefa, da tsani mai ƙafa huɗu. Ba turmi ba, ba kujera a kan tebur ba. Bango fentin ruwa, ƙofa da taga na mai, shi kuma da kananzir ake wanke burushinsa. Ki share ƙura da ɗanyen tsumma tukuna, ki fara bayan asuba kafin bango ya ɗau zafi, don in fenti ya bushe da gaggawa sawun rola yake bari. Ranar da buji ya taso ki haƙura, ƙurar mannewa take yi. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, kuma yara su kwana wani ɗaki har wari ya fita.

Tambaya: Baba, mun yi sabuwar filasta makon jiya, ga biki ya matso. In yi fenti?
Daga wani ango, Arkilla

Amsa: Allah ya sanya alheri, ango. Ka ba ta kamar mako huɗu. Samanta ne ya bushe, cikinta da sauran laima, in ka rufe ta yanzu fentin zai kumbura ya riƙa ɓarewa da farin gishiri. In ranar ba ta ɗaguwa, ka lulluɓe bangon da labule, ka yi fentin bayan an watse.