Sunan VRF ba ya bin waya

Jiya a ofishin nan na Wuse 2 ka ce min, "Oga, na buɗe VRF na baƙi a rauta da suwic, na'urorin nan biyu na sadarwar ofis, suna iri ɗaya na ba su, BAKI, amma ping, gwajin ko ɗaya na jin ɗaya, ya ƙi wucewa." To, matso kusa, ɗana.

Sunan nan bai taɓa fita daga na'urar da ka rubuta shi ba. VRF littafin hanyoyi ne na musamman, ban da babban littafinta, da kowace na'ura ke riƙe wa kanta. Ko a can ka sa masa wani suna dabam, waya ba ruwanta. Abin da ke bin waya lambar VLAN ce, wato lambar da ke raba rukuni da rukuni a waya ɗaya, tambarin 802.1Q da ake manna wa kowane firam, wato ƙunshin bayanai, baiti 4 kacal, lambobinsa daga 1 zuwa 4094. Ka taɓa aika kaya a tashar Jabi? Lambar da aka rubuta a jikin buhu ita ke tafiya, littafin ɗan kamasho yana nan a kan bencinsa.

Saboda haka kowane VRF sai ka ware masa VLAN ɗinsa a wayar da ta haɗa na'urorin biyu. A ce baƙi 20, ma'aikata 30. A rauta ka buɗe Gi0/1.20, wato ƙaramin baki a ƙarƙashin bakin da aka soka wayar, ka rubuta encapsulation dot1Q 20, sai vrf forwarding BAKI, sannan adireshin IP. A suwic kuma interface Vlan20, shi ma ka jefa shi cikin VRF ɗin, adireshinsu a zango ɗaya, /30, ɗan zango mai adireshi biyu na aiki, ya isa. Kada ka manta ka buɗe wa 20 hanya a taranki, wato bakin suwic da ke ɗaukar VLAN da yawa, kuma ka sa kalmar add, in ba haka ba ka kori sauran VLAN ɗin gaba ɗaya.

Ka lura adireshi na sa a ƙarshe. A na'urorin Cisco, da zarar ka buga vrf forwarding, adireshin da ke bakin nan ya goge. Wata rana da dare ina gida Kubwa, na shiga rautar wani ofishi a Garki daga nesa, na buga wannan umarni a kan bakin da nake shiga ta cikinsa. Allo ya tsaya cak. Haka na tayar da mota, na je na yi ta roƙon maigadi, na durƙusa gaban rak ɗin na'urorin da wayar konsol, wadda ake soka wa rauta kai tsaye, har ƙarfe 1 na dare, ga ma'aikata za su zo da safe. Tun ranar ba na taɓa wannan wuri sai na buga reload in 10 tukuna, don in na kulle kaina a waje, rautar ta sake tashi bayan minti 10 da tsohon saitinta.

Wata ƙila ma aikinka daidai yake, gwajin ne ya ruɗe ka. Ping zalla babban littafi yake dubawa, bai san da baƙi ba. Rubuta ping vrf BAKI da adireshin suwic ɗin, ka kuma duba show ip route vrf BAKI. Ɗauko kwamfutarka mu gwada yanzu kafin a ɗauke wuta.