Amsa: Firij ɗina yana nuna 22E, ƙasan ba sanyi

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce firij ɗinki Samsung ne, yana nuna 22E, wajen ƙanƙara lafiya lau amma ƙasan ba sanyi. Wannan lambar tana nufin fankar da ke hura sanyi a ɓangaren firij ta tsaya, kuma galibi ƙanƙara ce ta taru a bayan bangon ciki ta riƙe ta. A nan Jidda, da laimar teku da yaran da ke buɗe ƙofa sau ashirin neman ruwan sanyi, ba abin mamaki ba ne.

Ki cire shi daga wuta, ki kwashe kayan ciki, ki bar ƙofofi a buɗe awa 24, da tawul a ƙasa. Don Allah kada ki sa wuƙa wajen cire ƙanƙarar. Na ga maƙwabciyata ta huda bututun gas da haka, firij ya tashi aiki.

Sannan ki gwada robar ƙofa: ki rufe ƙofar a kan takardar riyal 5 ki ja. In ta zare ba turjiya, robar ta saki.

In lambar ta dawo bayan 'yan kwanaki, wataƙila matsalar daga hita mai narkar da ƙanƙara ne, ko na'urar auna zafi, ko ita kanta fankar. Nan sai mai gyara. Ki duba takardar garantinki tukuna.