Tambayi Likita: Ido ba hawaye, baki ba yawu, ga ciwon gaɓoɓi

Tambaya: Assalamu alaikum likita, Allah ya ƙara basira. Shekarata 44, ina Tudun Jukun nan Zariya. Kusan shekara biyu kenan idona kamar an watsa min yashi, ko gidan rasuwa naje ina kuka ba hawaye wallahi har kunya nake ji, bakina kuma a bushe ƙayau, tuwo baya wucewa sai da ruwa. Da na ɗauka hunturu ne, to damina tazo ta wuce ba sauƙi, ga gajiya ga ciwon yatsu da gwiwa. An min gwajin jini ance wai anti-Ro ya fito, ciwon Shogiren ne. Don Allah meye haɗin ido da gwiwa? Daga Maman Ummi.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Ummi, sannu, Allah ya baki lafiya. Haɗinsu jini ne. Wannan ciwon wani likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana shi a 1933, shi yasa ake kiransa da sunansa, Shogiren, kuma cikin mutum 10 masu shi kusan 9 mata ne. Garkuwar jikinki ce da ya kamata ta yaƙi ƙwayoyin cuta ta juyo kan halittun dake samar da yawu da hawaye, shi anti-Ro ɗin da ɗan uwansa anti-La alamar wannan rikicin ne a cikin jini, kinga kuwa jini ba inda baya zuwa, shi yasa abin bai tsaya a ido ba. Masu anti-Ro sun fi samun matsala a sauran jiki, gaɓoɓi, jajayen ɗige-ɗige a ƙafa, tsikari ko mutuwar tafin ƙafa, busasshen tari, wani lokacin har ƙoda. Gajiyar nan ma ciwon ne, kar ki yarda wani ya ce miki lalaci ne, abin yana min ciwo yadda ake faɗa wa mata haka.

Ki nemi ganin likitan gaɓoɓi a asibitin koyarwa na Shika, a duba fitsari da ƙoda da huhu. Ana bada hydroxychloroquine saboda gaɓoɓin amma sai ana duba ido lokaci-lokaci, kar ki saya da kanki a kyamis. Ki riƙa ɗiga ruwan hawaye na kwalba, cingam marar suga, kurɓar ruwa akai-akai, ki kula da haƙora sosai don rashin yawu na saurin ruɓar dasu. Su Piriton suna ƙara bushewar.

In gefen kumatunki ya kumbura yaƙi saɓewa, ko kaluluwa ta fito ga rama da zufar dare, kar ki jira ranar kilinik, don kaɗan daga cikin masu ciwon na samun dajin kaluluwa. In kuma ciki ya shiga ki faɗa musu tun awon farko, anti-Ro na ratsa mahaifa ya taɓa bugun zuciyar jariri, wajen 2 cikin 100 ne amma dole a bibiya da sikanin.