Ƙanena zai shiga gasar tirayatlon ta ƙwararru, me zan yi in na ga yana tangaɗi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ƙanena ya samu gurbi karon farko a gasar tirayatlon ta ƙwararru mai nisan Olamfik, wato ninkaya da tseren keke da gudu a jere, kuma zan je in mara masa baya. Tun da na ga bidiyon wani ɗan wasa yana tangaɗi dab da layin ƙarshe barci ya ƙaurace mini, ga shi an ce za a yi zafi ranar. Wata ƙawata ta ce in riƙe gorar ruwa da farasitamol in miƙa masa in ya galabaita, in kuma yi ta ihu kada ya tsaya. A ina zan tsaya, kuma shawararta daidai ce?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kwantar miki da hankali, ya ba ƙanenki sa'a. Maganar wurin tsayawa mai sauƙi ce. Ninkayar kilomita 1.5 ba ki ganin komai a cikinta sai huluna da fantsamar ruwa, don haka ki nemi wuri kusa da filin sauya kaya. Nan za ki gan shi ya fito daga ruwa, nan za ki san ko ya shiga rukunin gaba, kuma a gasar da aka yarda a bi bayan juna a keke wannan ne rabin tseren. Keken kilomita 40 da gudun kilomita 10 galibi zagaye-zagaye ake yi, zai yi ta wuce ki ba sai kin motsa ba. Ki tsaya bayan shinge, ki janye hannu da waya da tuta, kada ki tsallaka titi sai inda jami'i ya buɗe, domin tawagar kekunan kan wuce kilomita 40 a awa, taya dab da taya. Mazan gaba kan gama cikin kusan awa ɗaya da minti 45, kada ki je neman wani abu ki rasa ƙarshen.

Gorar ruwan kuwa ki sha abinki. Dokar World Triathlon, hukumar wasan ta duniya, ta hana ɗan wasa karɓar taimako daga wanda ba jami'in gasa ba, ta kuma hana a raka shi da gudu. Miƙa masa ruwa kaɗai na iya jawo a kore shi bayan wahalar shekaru. Muryarki ce aka halatta miki. Ki kira sunansa, ki gaya masa daƙiƙa nawa ke tsakaninsa da na gaba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a shawarar ƙawarki, wato ihun kada ya tsaya. Duk gasar da na zauna a tantin likitoci sai na ji shi, kuma daga bakin masoya yake fitowa. Mutane sun ɗauka tangaɗi jarumta ce. Ina kyautata zaton bidiyon da kika gani na Cozumel ne a Meziko, watan Satumbar 2016, inda Jonny Brownlee na Birtaniya yana kan gaba, saura kamar mita 700, ƙafafunsa suka ƙi shi, wansa Alistair ya rungumo shi ya tura shi kan layi, Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya wuce su ya yi na ɗaya. Duniya ta yi ta yabon zumunci. Abin da ba a yaɗawa shi ne daga layin nan hannun likitoci ya faɗa, kuma daga baya hukumar ta gyara doka ta hana ɗan wasa ɗaukar wani ko tura shi gaba. Kafin shi akwai Julie Moss da ta ƙarasa Ironman na Hawai, doguwar gasar tirayatlon, da rarrafe a 1982. Waɗannan hotuna sun koya wa 'yan kallo darasi mara kyau.

Gajiya daban, bugun zafi daban. Mai gajiya ya san inda yake, gudunsa ne ya ragu, fuskarsa ta yamutse, amma yana tafiya a miƙe, in kin kira shi ya gane ki. Wanda zafin cikin jikinsa ya haura digiri 40 ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu. Zai riƙa karkata, ya bi hanyar da ba ita ba, ya yi magana ba kan gado, ya zagi jami'i ko ya ture mai taimakonsa, ya dube ki kamar bai taɓa ganinki ba. Irin wannan mutum ba ya iya yanke wa kansa shawarar tsayawa, abin da zai yanke shawarar da shi ne ya lalace. Ke kuma kina ihu ya ci gaba, tsokarsa na ƙara hura wutar da ke dafa hantarsa da ƙodarsa. Kada kuma wani ya ce miki ai yana zufa, ba komai. Ɗan wasa mai bugun zafi sau da yawa jiƙe yake sharkaf.

Farasitamol ba ya taɓa wannan zafin ko kaɗan. Shi zazzaɓi yake saukarwa, inda ƙwaƙwalwa ce da kanta ta ɗaga ma'aunin jiki. A nan zafin tsoka ne ya fi ƙarfin abin da jiki ke iya fitarwa, ƙwayar sai dai ta ƙara wa hanta nauyi. Ibufurofen ya fi muni, ƙoda yake bugawa. Ina jin haushin masu kiran kansu koci suna raba wa yara waɗannan ƙwayoyi kafin tsere da sunan riga-kafi, da masu tallar garin da ake damawa a sha da ruwan kwalba wai suna hana bugun zafi. Ƙarya ce. Ɗura wa wanda ya ruɗe ruwa a baki ma haɗari ne, yana iya shaƙewa ruwan ya gangara huhu. A doguwar gasa irin ta Ironman kuma akwai masu ruɗewa saboda sun sha ruwa ya yi yawa har gishirin jininsu ya faɗi, ƙara musu ruwa ƙara ciwo ne. Da ido ba za ki bambance su ba, mu ma sai mun auna.

Maganin ɗaya ne, kuma da minti ake lissafa shi. A tsoma mutum cikin baho na ruwa da ƙanƙara nan take, a sauko da zafinsa ƙasa da digiri 39 cikin minti 30 da faɗuwarsa. Wanda aka yi wa haka kusan kullum yana tashi. Shi ya sa ƙa'idarmu ita ce a sanyaya tukuna, a ɗauka daga baya. Na taɓa tsayawa ina jayayya da dangin wani ɗan wasa da suka dage sai an saka shi a mota a kai asibiti, alhali bahon yana gabanmu. Ƙauna ce ta sa su, amma minti ashirin a mota ba sanyi su ne ke kashe mutum. In kin ga an tsoma ƙanenki a ƙanƙara yana ihu yana fizge-fizge, ki bar su su yi aikinsu. Na'urar auna zafi ta goshi ko ta kunne ma ruɗi take yi a wannan hali, ta dubura ake aunawa, kada ki ga abin ya ba ki mamaki.

Wani abu da zai rage miki fargaba: yawancin masu zubewa bayan sun tsallake layi ba bugun zafi ba ne. Tsayawa farat ɗaya ce ta sa jini ya taru a ƙafafu, a kwantar da su a ɗaga ƙafa, cikin 'yan mintoci su dawo hayyacinsu. Wanda ya zube kafin layi, ko ya kwanta bai gane mutane ba, shi ne abin tsoro.

Don haka da kin isa, tun kafin a busa ƙaho, ki gano inda tantin likitoci yake da kalar rigar jami'ai. Ki haddace lambar da aka ba ƙanenki a gasar. Ki tambaye shi tun a masauki ko ya yi zazzaɓi, gudawa ko amai a makon, ko yana shan wani magani, domin waɗannan na ƙara haɗarin, kuma su za mu fara tambayarki. In kin ga yana karkata, ki bar kiran sunansa, ki nufi jami'i mafi kusa ki faɗi lambarsa, da inda kika gan shi, da kalmar "ya ruɗe". Suna da rediyo, kuma likitan gasa na da ikon fitar da shi daga tseren ko da shi ne a gaba.