Da wane littafin Balaraba Ramat Yakubu zan ci gaba?

'Yar'uwa, kin ce kin karanta Wa Zai Auri Jahila? a nan Agege, ƙawayenki suka ce ya cika sukar iyaye, kina tambayar ko ki ci gaba da littattafanta.

Ki ci gaba. Ita kanta Hajiya Balaraba an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, shi ya sa zafin labarin Abu, yarinyar da ke cikin littafin, ya fito daga zuciya. Ni ban ga raini ga iyaye a ciki ba, kukan yarinyar da aka hana karatu na gani, wallahi har na yi hawaye.

Ki nemi Alhaki Kwikwiyo Ne, kan kishiya da mijin da ya wofintar da iyalinsa. An fassara shi zuwa Turanci a 2012. Ki aika Kano a sayo miki.