Amsa ga mai tambayar hutu da guzuri a hanyar Appalachian

Ɗan uwa ka ce kana son bin hanyar Appalachian ta Amurka, doguwar hanyar ƙafa cikin duwatsu, daga jihar Jojiya, kana tambaya kwana nawa ake yi kafin a huta kuma wai ko ka tura duk guzurinka gaba ta gidan waya. Ni dai ban ƙure ta ba, ai kilomita wajen 3,500 ce har jihar Maine, daga dutsen Springer na tashi na tsaya a Damascus ta Virginia, kilomita 750 da ɗan wani abu, sati shida.

Wautar da na fara yi ita ce ɗaukar abincin kwana goma, kafaɗa kamar za ta cire, ashe kwana uku kacal za ka iso Neels Gap inda hanyar ta ratsa ta cikin ginin wani shago ma. A nan na zubar da rabin kayana cikin akwatin da matafiya ke barin abin da ya ishe su. Abincin kwana huɗu ko biyar ya isa, garuruwa ba su da nisa, a Hot Springs ma tsakiyar titin garin za ka bi.

Batun gidan waya kuwa, kar ka tura komai da komai. Garin kwaki da ƙuli-ƙulin da na yi ta ɗoki, sati biyu ko ganinsu ba na son yi, ga shi na riga na cika kwalaye da su. Sannan akwai wani ƙaramin gari da na shiga ran Asabar da yamma an tashi aiki, haka na zauna har Litinin ina biyan kuɗin ɗaki saboda kwali ɗaya, wallahi har yau abin na min ciwo. Abin da ya kamata ka tura shi ne busasshen naman halal da dabino, don shagunan ƙauyukan nan naman alade ya yi yawa, in ba haka ba kifin gwangwani da man gyaɗa za su gundure ka. Fontana Dam kam tura kwali, daga nan za ka shiga gandun dajin duwatsun Smokies, fiye da kilomita 100 ba shago a kan hanya, kuma sai da takardar izini.

Hutun yini guda cur, wanda suke ce wa ziro, sau ɗaya a sati ya ishe ni. Amma gari cin kuɗi gare shi, ɗaki da wanki da abinci, ga katifa mai hana mutum tashi. Daga baya sai na koma kwana a daji kusa da gari, in shiga da hantsi in yi wanka in yi cajin waya in ci in ƙoshi, bayan la'asar na fice.

Sai dai in gwiwa ko agara ta kumbura, nan kam ba wayo, ka zauna ko kwana uku ne. Wani da muka taso tare ya ƙi ji, a Erwin ya hau mota ya koma gida.