Kafin ka shiga tekun Bali, ka ajiye nutson gida a bakin gaɓa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce taron aiki zai kai ka Bali ta ƙasar Indunusiya, kana da rarar kwana shida bayan an tashi, kana son ka yi nutso da tukunyar iska a teku, ka kuma hau dutsen nan mai aman wuta. Sai ka ƙara da cewa kai ɗan Yauri ne, cikin ruwa ka tashi, ruwa ba ya ba ka tsoro. Wannan ƙarin naka ne ya hana ni wucewa ban ce komai ba.

Ni Bakabe ne, a Argungu aka yanke mini cibi. Ban kai shekara goma ba na fara bin manya bakin ruwa da gora da homa, kuma cikin sa'o'ina ba mai daɗewa ƙasan ruwa kamata. Karatu ya kai ni Surabaya, daga can na tsallaka Bali sau uku ta jirgin fito daga Ketapang zuwa Gilimanuk. Da irin alfaharin nan naka na je wurin malamin nutso, ranar farko ya sauke mini shi a cikin kwamin wanka.

Mu a gida yadda muke yi, ka cika ƙirji da iska, ka riƙe, ka nutsa, ka taso da iskar da ka shiga da ita. Ba laifi, don a sama ka shaƙe ta. Da tukunya kuwa a ƙasa kake shaƙa, inda ruwa ya danne komai. A zurfin mita 10 nauyin da ke kanka ya ninka na sama sau biyu, iskar da ka shaƙa a can idan ka taso da ita a riƙe sai ta kumbura ta ninka girmanta. Huhu ba salka ba ne, yagewa yake yi, kuma ko mita biyu sun isa su yi ɓarna idan ƙirjin a cike yake. Dokar farko ke nan: kada ka taɓa riƙe numfashi. Wanda bai taɓa shiga ruwa ba yakan karɓi wannan nan take. Ni da kai ne matsalar, jikinmu ya saba, da ruwa ya taɓa fuska maƙogwaro ke kullewa da kansa. Sau huɗu malamin yana zungurar cikina da yatsa yana nuna mini bakinsa, wai in bar kumfa ta riƙa fita. Sai rana ta biyu na daina.

Abu na biyu, tasowa. Abin da ke cikin tukunyar ba oksijin zalla ba ne kamar yadda mutane ke zato, iskar da muke shaƙa ce aka matse, kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin. A ƙasa wannan naitirojin yana narkewa cikin jini da tsoka. Ka taso a hankali ya fita ta numfashi. Ka taso da gudu ya yi kumfa a jiki kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe, ga ciwon gaɓoɓi, wani lokaci har shanyewar jiki. Shi ya sa ake tsayawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. Mu da muka saba doka ƙafa a ƙasan kogi mu yo sama kamar kibiya, nan ma sai an sake mana hali. Iya ruwa fidda kai, amma a can fidda kan a hankali ake yinsa.

Wannan maganar naitirojin ita za ta tsara maka kwanakinka shida, don ko ka fito daga ruwa yana nan a jikinka. Ƙa'ida ita ce wanda ya yi nutso sau da yawa kada ya hau jirgin sama sai bayan awa 18 aƙalla, malamai da yawa ma kwana guda cur suke cewa. Abin da baƙi ke mantawa shi ne hawa dutse ma hawa sama ne. Dutsen Batur tsawonsa mita 1,717, garin Kintamani da ke gefensa ma can sama yake. Don haka dutse za ka fara, ruwa ya biyo baya, ranar ƙarshe kuma ka huta, ba nutso ba hawan dogon dutse. Idan ka taso daga nutso za ka koma Denpasar, babban birnin Bali, ka ce wa direba ya bi ta Amlapura da Candidasa, kada ya yanke da kai ta Kintamani wai don ka ga tafki.

Batur ba wuya. Wajen ƙarfe huɗu na asuba ake fara hawa da tocila da ɗan jagora, awa biyu kana sama. Tafi da rigar sanyi, iskar can ta tuna mini tsakiyar hunturu a fadama. Ka yi alwala tun daga ƙasa, don asuba a hanya za ta same ka. Kuma a kula, alƙibla a can ba gabas ba ce, yamma ce ta ɗan karkata arewa. Na sha juyawa wajen fitowar rana bisa sabo. A saman za su dafa maka ƙwai da tururin da ke fitowa daga tsagar dutse. Agung, babban dutsen tsibirin, ya haura mita 3,000, wannan ba na mai kwana shida ba ne. Shi ne ya yi aman 1963 da ya kashe sama da mutum dubu, ya sake motsawa a Nuwamba 2017 har toka ta sa aka rufe filin jirgin Ngurah Rai fiye da kwana biyu.

Da ka sauko, kada ka wuce gonakin shinkafarsu. Mutumin Kebbi ya kamata ya tsaya nan fiye da Bature mai ɗaukar hoto. Sun yanka gangaren dutse hawa-hawa, ruwa na saukowa daga wannan gona zuwa waccan, manoma na da ƙungiyar rabon ruwa da suke kira subak, ta ɗaruruwan shekaru, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2012. Ba injin ban ruwa, ba kuɗin fetur. Na tsaya a Jatiluwih ina tuna yadda mai ke cinye ribar noman rani a fadamarmu. Tokar dutsen da ke kashe su ita ce kuma takin ƙasar.

Nutson kuwa, Tulamben za ka, arewa maso gabas, tafiyar kamar awa uku daga Denpasar. A can jirgin ruwan sojan Amurka mai suna Liberty yake kwance. Jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya harbe shi a Janairun 1942, aka jawo shi bakin gaɓa aka bari, girgizar aman Agung ta 1963 ta tura shi cikin ruwa. Tsawonsa kusan mita 120, samansa a zurfin mita 5, ƙasansa wajen 30. Ba a buƙatar kwalekwale, da ƙafa ake shiga daga gaɓa. Gaɓar ba yashi ba ce, baƙaƙen duwatsu ne mulmulallu masu gudu ƙarƙashin ƙafa, ga kilo ashirin a bayanka. Nan na fara faɗuwa kafin in ga ko kifi ɗaya. Matan ƙauyen ne ke ɗaukar tukwanen a ka, wata har biyu, ba ko tangaɗi. Ka shiga da sassafe kafin motocin baƙi su iso daga kudu. Murjani ya lulluɓe ƙarfen gaba ɗaya, kuma abin da ya fi girgiza ni ba kifayen ba ne, ganin ne. Mu da hannu muke lalube a ruwa mai laka, can kana hango mutum daga nesa kamar a fili.

Kwas ɗin farko kwana uku zuwa huɗu ne, nutso huɗu a teku, a ba ka shaidar zuwa mita 18. PADI da SSI su ne sanannun ƙungiyoyin da ke ba da wannan shaidar. Idan kwanakin sun matse akwai na gwaji na yini ɗaya, malami na riƙe da kai. Ka lura da agogon iska, da 200 ake shiga, da ya kai 50 ya kamata kana kan hanyar fita. Ɗaga babban yatsa a ƙasan ruwa ba ya nufin lafiya lau, yana nufin mu tashi sama. Na taɓa katse wa mutum huɗu nutso da wannan. Idan aka yi maka tallar Nusa Penida da manyan kifayenta masu fiffike, ka ce sai wani zuwan. Ruwan can na da ja, wani har ƙasa yake jan mutum, ga sanyi.

Za su ba ka takardar lafiya ka cika, kada ka yi ƙarya a ciki. Mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, mai hujin dodon kunne, sai da izinin likita. Mai sikila kuwa ya haƙura da tukunya, ya sa tabarau da bututu ya yi iyo a sama, zai hango jirgin. Ko mura ce ta kama ka, bari ta wuce, kunne ba zai buɗe ba.

Biza ka fara nema yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai fasfon Najeriya ba a buga masa a filin jirgi, masu taron ne za su tsaya maka, ka tabbata kwanakin da ta ba ka sun haɗa da shidan nan. Rani a can daga Afrilu zuwa Oktoba ne. Abinci kuma a yi hattara: Indunusiya ƙasar Musulmi ce amma yawancin mutanen Bali 'yan Hindu ne, duk inda ka ga an rubuta babi, alade ne. Nemi inda aka rubuta warung muslim ko masakan Padang. 'Yan kwandunan ganye da furanni da za ka gani a ƙofofi na ibadarsu ne, ka tsallake kada ka taka.

Ranar ƙarshen da ba nutso, je Uluwatu ka ga teku daga saman dutsen bakin gaɓa, ba shi da nisa da filin jirgi. Ka sa hularka da tabarau cikin jaka tun daga mota. Birran wurin sun ƙwace mini zanna bukar sabuwa fil, sai da mai gadi ya yi musu musaya da 'ya'yan itace, ta dawo da huji biyu.